Kolam ɗin Ponnammal

Shekara talatin da ɗaya Ponnammal ta yi tana zana kolam, wato zanen sa'a na garin shinkafa, a ƙofar cibiyarmu da ke Mylapore, inda ake koya wa yara karatu da kiɗa da rawa da ladabi. Ni a ɗakin girki nake, idli, wato wainar shinkafa ta turare, da kofi ne aikina, don haka tare muke isowa kullum da sassafe. Takan share ƙofar, ta yayyafa ruwa, ta duƙa da kwanon garin shinkafa. Ɗigo-ɗigo tukuna, sannan ta ja layi ɗaya ya zagaye su duka bai yanke ba. A takardar aiki mai shara ce, amma kira ta da haka ka ji abin da zai biyo baya.

Masifaffiya ce ta ƙin ƙarawa, ni kuwa na fi kowa shan bakinta.

"Kanaga, wannan kofi ne ko ruwan wankin sari?"

"Akka, harshenki ne ya ƙone saboda faɗa, kofi bai yi laifi ba." Akka nake ce mata, wato yaya.

A haka muka tsufa tare, har ranar da mijinta Velusamy, mai gyaran keke, ya yanke jiki ya faɗi a shagonsa, bai sake tashi ba. Aka cire mata abin wuyan aure, aka goge jan ɗigon goshinta. Tana cikin zaman makoki labari ya zo cewa an karrama cibiyar saboda koyar da zaman lafiya da kyawawan ɗabi'u, za a yi babban biki bayan wata guda. Nan matan kwamitin cibiyar suka fara ƙus-ƙus: matar da mijinta ya rasu ba ta zana ƙofa ranar alheri. Har sun nemo wata mai miji da za ta yi.

Ni na kai mata labarin, kuma har yau ina da-na-sani. Matar da ba ta taɓa roƙon kowa ko gishiri ba ta shiga bin gidajen matan kwamiti da ayaba a hannu. Wata ta bar ta tsaye a rana, wata ta aiko a ce ba ta nan alhali muryarta na fitowa ta taga. Ta daina cin abinci, ta rame kamar tsinken tsintsiya. Raina ya ɓaci sosai.

Daga ƙarshe ta tare shugaban cibiyar, dattijo Raghunathan, wanda muke kira Ayya, wato maigida, a kan matakala, ta zube ta kama ƙafafunsa.

"Ayya, ban haihu ba, miji ya tafi. Ƙofar nan kaɗai ta rage mini. Ku rage albashina, ku ƙara mini shara, amma kada ku ba wata."

Ya ɗago ta. "Tashi, Ponnammal. Da wace fuska zan karɓi lambar nan idan na kore ki daga ƙofa? Ke za ki zana. Mai magana ta zo ta same ni."

Ranar har kofi biyu ta sha, ba ta kushe ko ɗaya ba.

Ranar biki muka iso gari bai gama wayewa ba. An ɗaure itacen ayaba a gefen ƙofa, an rataya ganyen mangwaro. Ta share, ta yayyafa ruwa, ta ɗebi gari tsakanin yatsunta, ta duƙa. Sai ta tsaya a haka. Na jira, na jira, ba ta sa ko ɗigo ɗaya ba.

"Akka, rana za ta fito fa."

"Yara nawa ne za su tsallaka nan yau?"

"Kusan ɗari huɗu. Me ya kawo wannan?"

"In wani abu ya sami ɗaya daga cikinsu fa? In motarsu ta kife a hanya?"

"Haba Akka! Ayya da bakinsa ya ce babu komai."

"Ayya ya yi karatu," ta ce. "Ni abin da uwata ta gaya mini na sani."

Na yi lallashi, na yi faɗa, har mahaukaciya na kira ta. Tana kuka ta mayar da garin cikin kwano, ta kaɗe yatsunta a jikin sarinta, ta miƙo mini.

"Ke mijinki yana da rai, duk da ba shi da amfani. Duƙa, zan gaya miki inda za ki sa."

Na zana tana tsaye a bayana, taku uku daga ƙofar. Layin ya karkace, ya yanke sau biyar. Ba ta zage ni ba, kuma wannan ya fi komai yi mini ciwo.

Shekara huɗu ke nan. Har yanzu ita ke share ƙofar, ita ke yayyafa ruwa. In ta gama sai ta ja da baya ta kira ni.