Matar da ke Leƙa Gindin Farce

Shekara talatin da huɗu ke nan, ƙarfe bakwai na safe Tsurue Kamitani take kunna na'urar ɗumama ɗaki a ƙaramin asibitinmu da ke gindin duwatsun Toyama. Ba don jin daɗinta ba. Maras lafiya sai ya zauna minti ashirin cikin ɗumi, ba shayi ba taba, kafin ta ɗiga masa mai a gindin farce ta sa yatsan ƙarƙashin madubin likita. A nan take ganin siraran jijiyoyin da ba su kai kaurin gashi ba, jini na bi cikinsu. Likita shi ke rubuta maganin Kampo, na saiwoyi da ɓawon itace. Ita aikinta ta duba ko jinin ya ƙara gudu, ta rubuta abin da ta gani.

Abin da ta gani kuwa bai taɓa barinta ta huta ba. Mutum biyu, ciwo ɗaya, magani ɗaya: wannan jininsa ya sake, wancan ko gezau. Masu bincike sun sha ce mata, da "san" ɗin girmamawa a ƙarshen sunanta, "Kamitani-san, rubuta cewa ya yi aiki mana." Sai ta ce, "Na ga jini ya motsa. Abin da ya motsa shi ne ban gani ba."

Ku tambayi Shigeharu Iwase, tsohon da ke yin takarda da hannu. Sana'arsa cikin ruwan sanyi ake yin ta, a tsakiyar lokacin ƙanƙara. Shekara biyu da suka wuce yatsunsa suka fara yin fari fat, har gyambo ya fito a kan biyu. Likita ya ce in jinin bai dawo ba, ya yi sallama da ruwa. Aka ba shi maganin kirfa da citta da wasu saiwoyi, mai ɗaci kamar maɗaci. Duk wata Tsurue ta leƙa, a hankali jinin ya fara tafiya, gyambon ya rufe. Ranta ya yi fari, ta ce yau dai ga guda da za ta iya rantsewa a kansa.

Ranar Juma'ar da ta ajiye aiki, tsohon ya zo da matarsa Fumie. Ya miƙa mata kyautar takarda, ya sunkuyar da kai.

"Kamitani-san, ki yafe mini. Maganin nan sau uku na sha. Sauran a bayan kwamin jiƙa ɓawon yin takarda na riƙa cusa shi."

Wayyo! Tsurue ta zauna daɓas. Shekara biyu tana auna me ke nan?

Fumie ta yi tsaki. "Kai dai tsoho, wa kake zaton yana share bayan kwamin? A miyarka ta safe nake juye shi."

"Au! Shi ya sa miyar ta lalace? Ni na ɗauka tsufa ne ya taɓa miki harshe, na yi shiru don kada ranki ya ɓaci."

"Harshen wa? Tabar da na jefar maka ma cewa ka yi ɓera ne."

To fa. Magani ne, barin taba ne, ko zafin miya? Wani da sai ya zaɓi amsar da za ta ƙawata ranar sallamarsa. Tsurue ta jawo katin asibitin tsohon, ta ƙara layi ɗaya: an sha a miya, adadi ba a sani ba, dalili ba a sani ba.

Ke ce, Kamitani-san, mai ido a kan abin da ido ba ya gani. Ke ce kika gwammace ki tafi gida da ruɗaninki da ki bar mana ƙarya mai kyan gani. Mun gode. Masu tasowa a wannan aiki, ku koyi faɗin "ban sani ba" a wurinta, ba ta taɓa jin kunyarsa ba.

Kafin ta kashe na'urar, ta ce wa tsohon, "Kawo yatsan in yi kallon ƙarshe." Ta daɗe a sunkuye. Da ta ɗago, idonta ya cika da ƙwalla.

"Yana gudu, Iwase-san. Koma ruwanka. Miyar kuma kada a canja ta."