Ranar da Sarkin Tauri Ya Kauce a Majigin Zailani

Baƙo idan ya ga Zailani Mai Majigi a kasuwar Makarfi sai ya ɗauka tsohon soja ne ko ɗan dambe. Tabo a goshi, tabo a haɓa, kunnen hagu saura rabi, idon dama a rufe ruf kamar ɗakin da aka yi ƙaura. Alhali mutumin nan ko kaza ba ya iya yankawa, sai ya aika a kira maƙwabci. Duk wannan ado a wurin nuna wa mutane fim ya samo shi.

Na goshin ya fi tsufa. Yana ɗan shekara ashirin yake bin motar majigi ƙauye-ƙauye, lokacin da fim yake zuwa a naɗe cikin gwangwani kamar gammo. A Kudan zaren fim ɗin ya tsinke daidai sanda jarumin zai rama dukan da aka yi masa, wani mai zuciya ya rama masa a kan Zailani da dutse. Na haɓa kuwa a gidan kallon ƙwallo ne, janareta ya mutu ana shirin buga fenariti, aka ɗaga benci aka sauke masa. Kunnen, wani ne ya cije ya tafi da rabin, har yau bai dawo da shi ba.

A duk faɗan nan abu ɗaya Zailani ya iya. Da ya ji an fara zage-zage sai ya kifa cikinsa a kan na'urarsa, ya bar wa jama'a gadon baya. Matarsa Juwairiyya takan ce, "Malam, mazan garin nan suna fita su dawo da hatsi, kai kana dawowa da ɗinki."

Yana gab da shekara sittin ya je Kaduna sayen ƙwan majigi, ƙafa ta kai shi wani sabon gidan sinima. Aka miƙa masa baƙin tabarau a ƙofa. Ya zauna yana jiran ƙarar zare, bai ji komai ba. Can sai ga wani kifi ya baro farin ƙyalle ya taho har bakin hancinsa. Dattijo da furfurarsa ya kai hannu zai kama, 'yan matan da ke gefensa suka yi ta dariya har aka tashi.

Bai tafi ba sai da ya matsa wa mai kula da na'urar ya nuna masa. Babu zare, babu gwangwani, fim ɗin yana cikin wani akwati kamar kwamfuta. Mutumin ya ce hoto biyu ake ɗora wa juna, ɗaya na idon dama, ɗaya na hagu, tabarau ya raba su, ƙwaƙwalwa ta haɗa, shi ya sa abu yake fitowa. Irin tasu na'urar ba ta talaka ba ce. Amma akwai ta masu ƙaramin ƙarfi: ƙaramin majigi na zamani, fim a cikin filas ɗin kwamfuta, da tabarau na kwali, ido ɗaya ja ɗaya shuɗi.

Zailani ya dawo gida ya sayar da gonar raken da ya gada, ita kaɗai gare shi. Juwairiyya ta dubi abin da ya sauke daga mota, bai fi tukunyar miya girma ba.

"Wannan ce gonar?"

"Ita ce."

"To Allah ya sa tana tsiro."

Ya kama wani tsohon siton mazarƙwaila a bayan kasuwa, ba taga ko ɗaya, ƙofa guda, da rana tsaka ma sai an lalubi benci. Meshach mai gyaran janareta, abokinsa na shekara ashirin, shi ya ja masa waya. Suka gwada su biyu, hoto na tasowa Meshach ya zame daga kujera ya tashi yana cewa kujerar ce ba ta da kyau.

Aka sa ranar buɗewa ta faɗo ranar kasuwa bayan girbi, ranar da 'yan taurin Gubuchi da na Paki suke haɗuwa a fili su yi wasa. Su 'yan tauri, ga wanda bai sani ba, mazaje ne da suka sha magani don kada ƙarfe ya kama su, suna gurza wuƙa a wuya da ciki ana kiɗa. Duk darajarsu a abu ɗaya take: ɗan tauri ba ya kauce wa ƙarfe. Zailani ya lissafa cewa in waɗannan suka kalla suka yaba, labari zai kai Ikara kafin magariba. Ya je har fili ya durƙusa ya gayyace su kyauta, ya ce bencin gaba nasu ne.

Meshach ya ja shi gefe. "Mutumina, ka karɓi wuƙaƙensu a ƙofa."

"Wa ya taɓa raba ɗan tauri da wuƙarsa? Je ka karɓa, ni na riƙe maka janareta."

"To ka faɗa musu abin yana fitowa."

"In na faɗa, ina daɗin?"

Bayan azahar suka shigo da zufar fili a jikinsu, layu na kaɗawa. Haidar, Sarkin Taurin Gubuchi, ya zauna a tsakiya, ƙato ne mai wuyan bajimi, shekara talatin ba a taɓa ganin ya ƙifta wa wuƙa ido ba. A can ƙarshen bencin kuwa, Ɗan'azumi na Paki ya zauna da mutanensa, shi kuwa ya daɗe yana neman inda zai ga kasawar Haidar. Sauran sito ya cika da 'yan kasuwa. Kowa ya maƙala tabaran kwali, mazajen fama suka koma kamar mujiyoyi a kan reshe.

Fim ɗin na yaƙin mutanen da ne. Aka yi ta sukuwa, ƙura na tasowa har mutane na kare hanci. Zailani yana tsaye a baya kusa da majiginsa, shi ma da nasa tabarau, yana murmushi don ya san abin da ke tafe. Wani barde ya juyo, ya dubi 'yan kallo, ya saki mashi.

Sito gaba ɗaya ya sunkuya. Ba wanda ya damu da sunkuyon mai tumatir. Amma Haidar baya ya yi da benci, ƙafafu sama, kuma kowa ya ji abin da ya fito daga bakinsa. Innarsa ya kira.

Maganar gaskiya Ɗan'azumi ma ya duƙa, sai dai ya riga kowa ɗagowa. Ya bari aka yi tsit, sannan ya ce, "Sarki, a kira Innar ne, ko ka tashi da kanka?"

Mutanen Paki suka fashe da dariya. Ba su gama ba gora ta sauka a bakin ɗaya daga cikinsu, haƙora biyu suka faɗi ƙasa. Wuƙaƙe suka bar kube. A cikin duhun nan ba mai gane na Gubuchi da na Paki, kowa saran gabansa yake yi. Wani ya sari ƙaninsa a kafaɗa yana yi masa kirari. Benci ya karye a kan wani mai sayar da barkono da bai san hawa ba bai san sauka ba. 'Yan kasuwa suka yi ƙofa, ƙofa kuwa ciki take buɗewa, suka danne ta da jikinsu, na ƙasa yana ihu na sama yana taka shi. Mafi yawansu ba su tuna sun cire tabarau ba, jini ma baƙi suke ganinsa.

Haidar bai bi ta kan Ɗan'azumi ba tukuna. Ƙyallen ya nufa, ya tsarge shi daga sama har ƙasa, ya sake tsargewa. Barden bai mutu ba, ya koma kan bango yana ta sukuwa, wani dokin ma a kan rigar Haidar yake gudu. Sai Haidar ya juya ya bi hasken da ido har inda yake fitowa.

Zailani ya ga tahowarsa. Ya danna maɓallin kashewa. Sai dai irin wannan majigin ba a zare masa wuta nan take, dole a bar fankarsa ta huce ƙwan na kamar minti guda, in ba haka ba ƙwan ya lalace. Haka aka gaya masa a Kaduna, shi kuwa ya riƙe maganar kamar karatun sallah. Da zai fizge waya ya rungumi abinsa ya shige ƙarƙashin tebur, da ya tsira. Sai ya kifa cikinsa a kai yana sauraron fanka.

Haidar ya iso kansa ya ce, "Tashi, tsoho."

"Ranka ya daɗe, hoto ne. Wallahi hoto ne, ba ƙarfe ba."

"Ka tara ni da mutanen Paki ka jefe ni, ka ce hoto?"

"A bari ya huce, ranka ya daɗe. Minti ɗaya."

Gora ta fara sauka a bayansa, sau uku, haƙarƙari ya amsa. Bai motsa ba. Wuƙa ta bi ta kafaɗarsa ta buɗe riga da abin da ke ƙarƙashinta, ya ji ɗumi na gangarowa, abin da ya dame shi kada ya ɗiga cikin ramukan iskar majigi, sai ya toshe da hularsa. Haidar ya damƙi wuyan rigarsa ya ɗago fuskarsa, ya juya wuƙar ya sauke masa ƙotarta a idon dama, da tabarau da komai. Zailani ya ji wani abu ya fashe a cikin kansa. A ƙarƙashin cikinsa kuma fanka ta yi shiru. Ya lalubi waya ya zare, sannan ya suma a kan kayansa.

Meshach ne ya ɓalle kwanon bayan sito da ƙarfen tayar mota. Hasken rana ya shigo, mazaje suka ga junansu da jan ido da shuɗin ido na kwali, jini har gwiwa, faɗa ya mutu da kansa kafin 'yan banga su iso. A asibiti ran nan an ɗinke mutum tara da ƙarfe ba ya kamawa. Ba a rasa rai ba. Haidar ya kwana biyu a hannun hukuma, daga nan bai ƙara shiga fili ba, don ko yaushe ya zare wuƙa sai wani daga bayan taro ya tambayi lafiyar Inna.

Da Zailani ya farfaɗo, abin da ya fara tambaya majigi. Juwairiyya ta ce, "Yana gida, ko ƙwarzane babu. Idonka ne dai likita ya ce sai haƙuri."

Bayan wata biyu ya sa Meshach ya tayar da janareta, su biyu kawai a sito. Aka ɗinke ƙyalle, aka kunna. Zailani ya maƙala tabarau ya jira barden. Barde ya juyo ya saki mashi, Meshach ya sunkuya, mashin kuwa ya tsaya a kan ƙyalle, shimfiɗe, ja wur. Zailani ya gyara tabarau, ya juya shi, komai ya koma shuɗi. Ya cire ya riƙe a hannu. Ba sai an yi masa bayani ba, shi da ya sha gaya wa mutane cewa hoto biyu ne, kowane ido da nasa.

Har yanzu yana nunawa duk ranar kasuwa. An juya ƙofar tana buɗewa waje. A bakinta akwai tsohon daro, duk mai wuƙa ko gora sai ya ajiye, ko da Sarkin Taurin duniya ne, kuma kafin a kunna sai Zailani ya tsaya gaban ƙyalle ya yi shela cewa za a ga mashi ya taho, ba ya huda kowa, wanda ya kauce bai yi abin kunya ba. Shi ba ya sa tabarau. Yana tsayawa a baya da hannu ɗaya a kan majiginsa, ya zuba wa ƙeyoyin mutane idon da ya rage. In ya ga sun sunkuya gaba ɗaya, ya san mashin ya fito.