Koren Ruwa a Gefen Ƙauyen Kawu

Ƙanena yana aiki can kudu, bakin teku. Aikinsa duba hotunan da tauraron ɗan'adam ke ɗauka, yana lura da ruwan da koguna ke zubawa cikin teku, ko laka ce ta yi yawa, ko mai ya malala, ko gansakuka. Ni kuwa ina koyarwa a firamare a Talata Mafara, ban taɓa ganin teku ba.

Wata shekara bayan damina ya zo gida, lokacin an katse layin waya a yankinmu saboda 'yan bindiga. Muna zaune a zaure da hantsi ya buɗe kwamfutarsa. Ya ce duk sanda kewar gida ta kama shi a ofis, sai ya ja hoton ya yi arewa ya dubi dam ɗinmu. Ya nuna mini wani hoto da ya ajiye, ga ruwan kwance kamar ganyen rogo. Can sama wajen Maradun, wani lungu ya yi kore shar, bayansa kuma ja-ja.

"Yaya, ka gane nan?"

Na gane. Ƙauyen kawunmu ne, ƙanen mahaifiyarmu, masunci. Can muke hutu muna yara, nan na koyi iyo.

Ya ce jan yana iya zama laka daga masu wankin zinari a sama, koren kuma wata gansakuka ce da wani lokaci take da guba. Amma hoto launi kawai yake nunawa, sai an ɗebo ruwan a kwalba an auna.

Muka nemi mai babur da zai kai mu, kowa ya ƙi. Muka je wani ofishin gwamnati, jami'in ya karɓe mu da mutunci, ya daɗe yana kallon hoton, sannan ya ce su ma rabonsu da wannan gefen tun kafin hanya ta lalace.

Ranar kasuwa sai ga Kawu, ya biyo ayarin mutanen ƙauyensu. Ya rame. Bayan doguwar gaisuwa, ƙanena ya juya masa kwamfutar. Kawu ya dube ta, ya sa yatsa daidai mashayarsu.

"Ai mun sani, ɗana. Kifi na tasowa matacce. Yara na ta zawo, mata na ƙaiƙayin hannu."

"Kawu, ku daina sha. Ko an tafasa, ba lalle ya yi magani ba."

"To mi za mu sha? Rijiyar tana bakin daji, wurin mutanen nan. Wanda duk ya tai can, sai dai Allah."

Na ce su taso su dawo Mafara, gidanmu zai ɗauke su. Kawu ya ce gero na gona ba a yanka ba, kuma ba shi kaɗai ba ne.

Muka ba shi alum na tace ruwa da kwalba, ya yi alkawarin ɗebo ruwan ya aiko kasuwa mai zuwa. Kasuwa ta ci, ba wanda ya fito daga ƙauyen. Ta gaba ma haka. Hutun ƙanena ya ƙare, ya koma.

Da aka maido layi, ya ci gaba da turo mini hotuna. Koren ya faɗaɗa, sannan ya dushe da kansa. Damina ta zagayo, ya kira ni, muryarsa ƙasa-ƙasa, ya ce gonakin gefen ƙauyen ba alamar noma.

Daga baya muka samu Kawu a Maradun, yana zaune a wani kango da iyalinsa. 'Yan bindiga sun tashe su. Jikokinsa biyu sun rasu tun kafin tashin. Na tambaye shi ko ruwan ne. Ya ce bai sani ba, zazzaɓi ma ya yi yawa a shekarar.

Na kira ƙanena na gaya masa. Ina jin hayaniyar motoci ta wayarsa, ya ce in ba Kawu wayar su gaisa.