Goyon da Umma Ta Yi a Filin Jirgi

Ko shekara nawa zan yi a duniya, ba na jin zan manta da ranar da mahaifiyata ta goya ɗan da ba ta san sunansa ba, a ƙasar da ba ta jin ko kalma ɗaya ta yarensu.

Ciwon gwiwa ne ya fitar da mu. Umma ta daɗe tana sayar da atamfa a Babbar Kasuwar Kaduna, har ƙafa ta gagare ta, likitoci suka ce sai an yi mata aiki a waje. 'Yan'uwa suka ce ni zan raka ta. Muka bar Kurmin Mashi da addu'o'in maƙwabta, muka hau jirgi a Abuja, aka sauke mu a wani ƙaton filin jirgi na wata ƙasar Larabawa. A nan za mu yini muna jiran jirgi na biyu.

Zaman jira irin wannan sai wanda ya yi shi. Muka yi sallah, muka ci cincin ɗin da ta ƙullo, na tura ta a keken marasa lafiya muka zaga shaguna, tana taɓa yadinsu tana cewa namu ya fi kauri. Da muka gaji muka dawo kusa da ƙofar jirginmu muka zauna.

Daura da mu akwai wata matashiya siririya, da alama daga can ƙasashen Asiya, ita kaɗai da jaririnta yana ta tsala kuka. Ta jijjiga shi, ta ba shi mama, ya ƙi. Mutane suka fara tashi suna sauya wuri. Can sai ita ma ta fashe da kuka.

"Ke, tura ni wurin yarinyar can," in ji Umma.

"Umma, ba mu san ta ba fa, kuma nan ba gida ba ne."

"Shi ya sa. Da a gida take, da yanzu wata ta karɓe ta."

Na tura ta muka je. Na yi wa yarinyar Turanci, ba ta ji. Umma kuwa hannu kawai ta miƙa mata. Yarinyar ta daɗe tana kallon fuskarta, sannan ta ba ta yaron. Sai ga matar da ke tsayuwa da ƙyar ta miƙe, ta ciro zane daga jaka, ta goya shi, ta ɗaure da mayafinta. Ta shiga kai da kawo tana ɗingishi, tana bubbuga bayansa. Ba a jima ba ya yi luf. Uwar ta nuna mana da hannu za ta shiga banɗaki, Umma ta gyaɗa mata kai.

Shiru, shiru, ba ta dawo ba. Sai ga shi an fara kiran jirginmu.

Layi ya yi ta raguwa. Wata ma'aikaciya ta zo ta ce mu bar mata yaron, za su nemi uwarsa. Na faɗa wa Umma.

"Ce mata hannu da hannu aka ba ni, hannu da hannu zan mayar."

"Umma, in jirgin nan ya tashi, likitan ba zai jira mu ba."

"Gwiwar da ta jira shekaru ta ƙara haƙuri. Maza je ki dubo uwarsa."

Na kwasa da gudu, ina bin banɗakunan ina ƙwanƙwasawa. A wani na can ƙarshe na hango ƙafarta ta ƙarƙashin ƙofa, a yashe a ƙasa. Na ƙwala ihu, masu agaji suka zo suka buɗe. Ashe yunwa da gajiya ne suka sumar da ita. Tana farfaɗowa ta hau lalubar ƙirjinta, idanu a waje. Na dafa bayana, na kwatanta mata goyo, sannan ta sauke numfashi.

Da aka turo ta, kowa ya shige sai Umma. Tana nan tsaye a bakin ƙofa, ta dafa teburin ma'aikata, gumin azaba na keto mata, yaro kuwa na ta barci. Ta kwance shi a hankali ta sa shi a cinyar uwarsa. Yarinyar ta kama hannun Umma ta ɗora a goshinta tana hawaye.

"Allah Ya raya miki," in ji Umma, "ki riƙa cin abinci."

Mu ne na ƙarshen shiga jirgi. Ina tura ta ina ji kamar in tsayar da kowa in ce masa, wannan uwata ce.

An yi aikin lafiya, yau da ƙafarta take zuwa kasuwa. Ni kuwa tun daga ranar na gane cewa amana ba sai an san juna ake riƙe ta ba, kuma ba a sanin mai riƙon ta sai ranar da riƙon zai iya jawo masa asara.