Gilasan Ikrama a Kan Faifai

Duk Fagge an san Malam Ikrama da abu biyu: koyar da kimiyya a wata sakandare kusa da Bata, da surutun roba mai shan rana. Gaisuwa kawai za ka yi masa, sai ka ji yadda haske ke faɗa wa wata irin roba, ya zaburar da ƙwayar lantarki ta tsallaka zuwa sinadarin da ke maƙwabtaka da ita, daga nan wuta ta samu. Wannan tsallen da ido bai taɓa gani ba shi ya cinye masa ƙuruciya. Sa'o'insa sun yi shaguna a Kantin Kwari har sun ajiye tumbi, shi yana nan yana fama da digiri na uku da ya ƙi ƙarewa.

Garin robar ba ya samuwa a nan. Liya, wadda suka yi karatu tare, ita ta aiko masa daga waje, bai cika cokalin shayi ba, ta ce daga shi babu ƙari. Ya narka shi, ya shafa a kan ƙananan gilasai, suka fito shunayya gwanin kyau. Saura ya kai su wata jami'a a kudu a auna tsallen, ya rufe karatunsa. Amma kafin a liƙa musu murfi, iska da rana in sun haɗu kashe su suke yi. Don haka ya rufe su a gwangwani, ya tura bayan randar Inna, inda ya fi ko'ina sanyi.

Mutumin da ya ishi gari da bayani, uwarsa kaɗai bai yi wa ba. Inna kuwa 'yar marina ce, a wurinta duk abin da ya sha launi shanya yake jira.

Ya tafi Sabon Gari yankan tikitin mota, bai dawo ba sai la'asar. A tsakar gida ya tarar da gilasan jere a kan faifai, sun koɗe kamar tsohuwar atamfa. Inna na zaune kusa da su da 'yar sanda, gumi ya jiƙe mata kallabi.

"Gwangwanin har ya yi raɓa," in ji ta. "Ba don rana ka yi su ba? Tun hantsi nake korar musu kaji."

Baƙin ciki ya tokare shi, ya nemi wanda zai yi wa faɗa ya rasa. Ya durƙusa ya ɗaga gilashi guda, ya hango fuskarta tar ta cikinsa.

"Sannu da aiki, Inna."

"Yawwa. To, yaushe za su fara kawo mana wuta?"

"Da saura," ya ce, ya kama hannunta ya kai ta inuwa.