Hoton Rumbun Baba a Shagon Turi

Tun da na fara aikin haɗa manhajojin waya, akwai abu guda da ya faru da ni wanda ban ga ranar da zai fita daga raina ba.

Ban daɗe da gama jami'a ba wata ƙungiyar manoman rake da barkono ta ba ni aikin haɗa mata manhaja. Wakilanta za su riƙa zagaya ƙauyukan Ikara, Makarfi da Kudan suna rajistar manoma: suna, lambar waya, yawan amfanin da mutum ya adana, da hoton gida da na gona, kowane hoto ɗauke da alamar wurin da aka ɗauke shi a taswira. Da yake ba ko'ina ake samun sabis ba, na tsara bayanan su zauna a waya, sai an shigo gari su wuce ofis. Hanyar da bayanan ke bi zuwa ofis na kulle ta, na gwada, na sake gwadawa.

Ranar gwaji a Paki, wani dattijo ya ƙi a ɗauki gidansa. Ya ce, "Yaro, a zamanin da ake bin mutum har ɗaki a tafi da shi, ka ce in nuna maka ƙofata da rumbuna? Wa zai gani?" Na ce, "Baba, daga ni sai ofis." Sai ya matsa gefe aka ɗauka.

Bayan wasu makonni na lura rajistar wakilin Paki tana isowa babu hotuna, alhali ta sauran wakilai lafiya lau. Na bi aikina layi-layi ban ga kuskure ba. Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne, sai an ci kasuwar Makarfi hotunan ke ɓacewa. Sai na roƙi wakilin in raka shi kasuwar.

Muna shiga ya nufi shagon caji, inda ake tura wa mutane fina-finai da waƙoƙi a waya. Ya miƙa wayar, ya faɗi lambar sirrinta da ƙarfi, ya ce a zuba masa sababbi. Na gaida mai shagon, na tambaye shi hotunan da ke ciki.

Ya yi dariya. "Ai wayar Malam kullum a cike take kamar motar kasuwa. Kwashe su nake in zuba a kwamfuta, fim ya samu wuri. Ban taɓa goge ko ɗaya ba, ni mai amana ne."

Ya buɗe mini. Ga ƙofar Baba, ga rumbunsa, a kwamfutar da samari ke sunkuyawa a kai suna zaɓen fim. Ganin yadda fuskata ta canja, sai ya ce, "Oga, kwantar da hankalinka, ba wanda ya taɓa cewa a tura masa rumbu."

Ban tashi ba sai da muka goge su a gabana. Wakilin kuwa sai cewa yake, "Wallahi ban san turi ya shafi aikin ofis ba." Daga baya na ɗauke hotuna daga ma'ajiyar hotunan waya na mayar da su cikin manhajar kanta, na sa mata lambar sirri dabam.

Na koma Paki na faɗa wa Baba komai. Ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce, "Gona kowa ya san ta. Amma me mai sayen barkono zai yi da ƙofar gidana?" A cikin makon muka cire hoton gida daga manhajar gaba ɗaya.

Tun daga lokacin, kafin in fara kowane aiki nakan tambaya hannun wa da wa wayar ke bi, kuma abin da ba na buƙata ba na karɓa, domin bayanin da ban karɓa ba ne kaɗai nake da tabbacin ba zai fita ba.