Gonar da Hansai Ta Ba Da Aro

Duk Gafasa an san Hansai da ƙuli-ƙulinta da kuma shirunta. Ƙulin har kasuwar Ajingi ake kai shi. Shirun kuwa, mace ce da za ka taka mata ƙafa ta ce maka sannu. Mutane suna yaba mata, wai kawaici gare ta. Ni dai abin haushi yake ba ni, don na ga inda ya kai ta.

Da mahaifinsu ya rasu aka raba gado, Hansai ta samu 'yar gona a bakin hanyar Ajingi. Lokacin tana goyo, sai yayanta Ɗanladi ya ce ta ba shi aro ya noma kafin ta samu sukuni. Ta ce to. Wannan goyon ita ce Zulfa, autarta, wadda yanzu ta gama jami'a, tana shirin jarrabawar ƙarshe ta zama lauya. Ɗanladi kuwa bai gama aron ba tukuna. Da fari yakan aiko da damin gero duk kaka, aka koma kwanon gyaɗa, daga baya sai gaisuwa kawai.

Bana Zulfa ta zo gida ta yi bita kafin jarrabawa, sai gidan ya koma aji. Yadda ta saba hadda a Islamiyya haka take karatun doka, da ƙarfi, tana kai da kawowa a tsakar gida. Ta karanto da Turanci, ta juya da Hausa, wai in har Inna ta gane to ita ma ta iya. Hansai tana fama da matsar mai, hayaƙi ya cika mata ido, ga 'ya a kanta.

"Inna, ciniki ba ya ƙulluwa sai an yi tayi, an sallama, kuma kowa da abin da zai bayar."

"To na ji. Matsa mini, kin tare mini iska."

Abin da ya fi ƙular da ita shi ne in ta yi tambaya. Ko me ta tambaya, sai Zulfa ta ɗaga kai sama ta ce, "Ya danganta." Wanda ya dasa mangwaro a filin wani, na wa ne? Ya danganta. Wanda ya sayi akuya ta mutu a hanya fa? Ya danganta. Hansai ta ce ita tunda take ba ta taɓa jin karatun da ba shi da e ba shi da a'a ba.

Ana nan sai Ɗanladi ya aiko matarsa Hussaina da saƙo. Wani alhaji daga Kano zai sayi gonar ya gina gidan kaji. Ran Juma'a bayan la'asar za a taru da mai unguwa a zaga iyaka a ƙulla ciniki, kuma Yaya yana so Hansai ta zo a yi a gabanta, zai ɗan ba ta wani abu. Ba shawara yake nema ba. Ya san ƙanwarsa sarai, ya san in ta tsaya a gaban maza ko tari ba za ta yi ba.

Hansai ta ce to, kamar kullum. Amma ranar ƙulinta ya ƙone.

Da yamma ta zauna kusa da Zulfa, tana tsince gyaɗa. "Wata mata ce ta ba ɗan'uwanta aron gona, shekaru da yawa..."

"Inna, gonarki ce, na ji saƙon Kawu."

"To ke ma kya ce ya danganta."

"Wannan bai danganta ba. Aro komai daɗewarsa ba ya zama mallaka, kuma mutum ba ya sayar da abin da ba nasa ba. Sai dai abu ɗaya. A wurin alƙali, in aka sayar da kayanki kina tsaye kina gani kika yi shiru, cinikin ya hau kanki. Shi ya sa Kawu yake so ki je."

"To ki je ki faɗa musu mana. Ba ke ce lauya ba?"

"Ban ma ci jarrabawar ba, Inna. Ko na ci, gonar ba tawa ba ce. Daga bakinki ake so a ji."

Ran Hansai ya ɓaci ƙwarai. Ta yi wa yarinya wahalar karatu tun daga firamare, ta saurari Turanci har kanta ya yi ciwo, yau da buƙata ta zo an ce ita dai za ta yi maganar da kanta! Kuma a gaban Yaya, wanda ya goya ta tana ƙarama, wanda ko sunansa ba ta faɗa gatsal.

Ran Juma'a ta yafa mayafi ta tafi, Zulfa na biye da ita. Maza sun zaga iyaka sun dawo inuwa. Hansai ta durƙusa daga gefe ta gaishe su. Alhajin ya faɗi tayinsa. Mai unguwa ya dubi Ɗanladi ya ce, "Ka sallama?"

Hansai ta ɗago kai.

"Yaya," ta ce. Ba wanda ya ji. Ta miƙe tsaye. "Yaya, gonar nan tawa ce, gadon Baba ce. Aro na ba ka. Ban sayar ba."

Mai unguwa, wanda a kan idonsa aka raba gadon, ya sunkuyar da kai ya ce gaskiya haka ne. Alhajin ya kaɗe rigarsa ya nufi mota, yana cewa shi bai zo sayen rigima ba.

Ɗanladi ya juyo ya dube ta. "Hansai, ni? A gaban mutane?"

"Kai ka kira ni gaban mutanen, Yaya," ta ce, hawaye na zuba. "Ka yafe mini. Amma baɗi ni zan noma abata."